KIWON KAJIN GIDA: LOKACIN KWANCI DA GYARAN AKURKI

Daga Wakilinmu na Arewa

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe, a birni ko a ƙauye, ka rasa kaza tana tono a tsakar gida. Haka abin yake a Kano da Katsina da Sakkwato, haka kuma yake wajen 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, tun daga Sabon Badun da Shagamu har Agege da Idi-Araba a Ikko. Galibin kajin nan kuwa na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun matar aure. In baƙo ya sauka a kama zakara, in yaro ya komo daga makaranta da zancen kuɗin littafi a kai biyu kasuwa, in an yi haihuwa a sami abin yi wa mai jego farfesu.

To amma abin takaici shi ne irin hasarar da ake tafkawa kowace shekara ba a ko damu ba. Kaza za ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma, gida ya cika da murna, bayan wata biyu ka waiwaya ka ga biyu ko uku ne ke biye da ita. Shirwa ta ɗauki rabonta, ruwa ya doke wasu, sanyi ya kashe wasu, saura kuma annoba ta share. Ma'aikatan dabbobi da suka bi ƙauyuka a ƙasashen Afirka da dama sun sha samun cewa rabin 'yan tsakin da ake ƙyanƙyashewa, ko ma fiye, ba su kai wata biyu. In ka tambayi mai kaza sai ta ce haka Allah ya so. Gaskiya ne, amma ai Hausawa ne suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Yawancin hasarar nan ta ƙofa biyu take shigowa, watau rashin lura da lokacin da aka bar kaza ta yi kwanci, da kuma rashin makwanci na kirki.

LISSAFIN KAZA

Kafin mu shiga zancen lokaci, ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ɗan lissafi a ka. Sagarar kazar gida takan fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 cikin mako biyu zuwa uku, sa'an nan ta kwanta a kansu kwana 21. Bayan ta ƙyanƙyashe takan yi wata biyu, wani lokaci har uku, tana jan 'ya'yanta, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta yin ƙwai. In ka haɗa duka za ka ga zagaye ɗaya yana cin kamar wata huɗu. Shi ya sa kazar gida sau uku take ƙyanƙyasa a shekara, in ta yi ƙoƙari sau huɗu, ƙwanta na shekara kuwa bai cika wuce 40 zuwa 60 ba.

Watau ke nan kowace kaza dama uku take ba mai ita a shekara. In aka bari ɗaya ta faɗa tsakiyar bazara ƙwai ya lalace, ɗaya kuma ta faɗa cikin marka ruwa ya cinye 'ya'yan, to ka ga saura dama guda, ita ma annobar hunturu na jiranta. Mai kaza ba zai iya hana kaza yin ƙwai ba, amma shi ke da ikon cewa wannan ƙwai a ci shi, wancan a bar mata ta kwanta.

YADDA SHEKARA TAKE A AREWA

Bari mu fara da bazara, daga Maris zuwa Mayu, domin ita ce mafi muni. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi yakan kai digiri 40, har ya wuce. Shi kuwa ƙwan da zakara ya taka, da zarar zafi ya haura kamar digiri 27 sai ɗan tsakon da ke ciki ya fara motsin halitta tun uwar ba ta kwanta ba. Da rana ya fara, da dare ya tsaya, haka har mako biyu kafin kaza ta gama tara ƙwanta. Ran da za ta kwanta, da yawansu sun riga sun mutu. Wannan shi ne asalin yawan baragurbin da ake gani a bazara. Ban da haka, zafi yana rage ƙarfin zakara, kaza ba ta cin abinci sosai, ɓawon ƙwai ya yi laushi, fili kuma ya yi fetal babu ciyawar da ɗan tsako zai ɓuya wa shirwa. Shawara a nan ita ce a ci ƙwan bazara ko a sayar. Kazar da ta nace sai ta kwanta, a ɗauke ta daga gurbi a sa ta a keji mai shan iska kwana uku ko huɗu da ruwa da abinci, za ta haƙura.

Farkon damina, watau Yuni zuwa farkon Yuli, lokaci ne mai kyau. Gari ya yi sanyi, iska ta sami laima, gara da tsutsa da ɗanyar ciyawa sun fito. Illarsa guda, hatsi ya ja baya a rumbu, kuma a ƙauyuka akan tsare kaji don kada su tone shuka, saboda haka sai an yi tanadin dusa da tsaki. A wannan lokaci ne kuma zabi ke fara ƙwai, mutane su riƙa sa wa kaza ƙwan zabo. Sai dai a tuna, ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi. Wanda zai haɗa shi da na kaza a gurbi ɗaya, ya fara sa na zabo, bayan mako guda ya ƙara na kaza, don su fashe tare.

Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta marka ce. Ɗan tsakon da bai yi gashi ba, in ruwa ya jiƙa shi sau ɗaya da wuya ya kwana. Danshi kuma yana kawo cutar kashin jini da tsutsar ciki, sauro yana yaɗa ƙurajen nan da ke fitowa a zanko da gefen ido. Wanda ba shi da rufaffen wuri busasshe, kada ya bari ƙyanƙyasa ta faɗa cikin wannan wata.

Kaka ita ce sarauniyar lokuta. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ruwa ya ɗauke, an yanke gero, tsaba na zube a gona da masussuka, fara ta ƙosa, ciyawa ba ta bushe ba balle a rasa maɓoya, dare kuma bai yi sanyi ba tukuna. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a farkon Oktoba yakan gama rufe jikinsa da gashi cikin mako shida, kafin sanyin Disamba ya kankama. Sharaɗi guda ne, a yi musu rigakafi kafin iskar hunturu ta taso. Za mu komo kan wannan.

Shi kuwa hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙwai yana jure ajiya ƙwarai, amma sanyin dare yana kashe 'yan tsaki, kuma lokacin annoba ne. Ana iya sa kaza kwanci in akwai ɗaki mai ɗumi kuma an yi rigakafi, sai dai a rage mata ƙwai, kada ya wuce takwas, don ta iya rufe su duka.

MAZAUNA KURMI FA?

Lissafin Kudu dabam ne, kuma da yawa daga cikin mutanenmu sukan yi hasara don suna bin lissafin gida. A Ikko da Badun da Abekuta ruwa mai ƙarfi yakan kama daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya komo Satumba da Oktoba. Zafin can bai kai na Arewa ba, laima ce abokiyar gaba. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ke ɗaukewa, sai kuma Janairu, yadda 'yan tsaki za su kai wata biyu kafin ruwan Afrilu. Mazauna ƙasar Yarbawa suna iya ƙara dama ta uku, su sa kaza kwanci a tsakiyar Yuli don ta ƙyanƙyashe cikin ɗan hutun nan na Agusta. Amma mazauna Fatakwal da Kalaba kada su dogara da wannan hutu, don ruwan can ba ya cika tsagaitawa.

A sani kuma, rani a Kudu shi ne lokacin da shirwa ke yawaita, shi ne kuma lokacin da motoci ke sauke kaji da zabi daga kasuwannin Arewa saboda Kirsimeti. Cikin dubban kajin nan da aka cusa a kwanduna ba a rasa marasa lafiya, kuma unguwannin Hausawa su ne kusa da inda ake sauke su.

IN KASUWA AKE NUFI

Wanda ke kiwo don ciniki sai ya yi lissafinsa daga baya. Zakaran gida yana bukatar kamar wata shida kafin ya isa yanka. Ƙara mako uku na kwanci da mako biyu na tara ƙwai, ka ga wata bakwai ke nan. Don haka mai nufin kasuwar Ƙaramar Salla ya fara tara ƙwai a watan Mauludi. Mai nufin Babbar Salla ya fara a Jimada Awwal. Mai nufin Kirsimeti da Sabuwar Shekara ya fara a ƙarshen Mayu, a ƙyanƙyashe wajen ƙarshen Yuni. Wannan ya yi wa mutanen Arewa daidai, don ya faɗa farkon damina, amma a Kudu tsakiyar ruwa ne, sai mai rufi na ƙwarai.

Tun da yake watannin Musulunci suna jawowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wata shekara lissafin Salla zai faɗa kaka, wata shekara ya faɗa bazara. In ya faɗa bazara, gara a riga lokaci da wata guda ko biyu. Zakara ya ƙara girma ai ba hasara ba ce.

ZAƁEN ZAKARA DA ƘWAI

Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In sun fi haka wasu ƙwai za su fito fanko, in kuma zakaru sun yi yawa faɗa zai hana su aiki, su kuma tsige bayan kajin. A zaɓi mai faɗin ƙirji, mai jan zanko, mai miƙaƙƙun ƙafafu, wanda bai tsufa ba. Babban kuskuren da ake yi a gidaje shi ne, in Salla ta zo a yanka babban zakara a bar ƙanƙanin ya zama uban garke. Haka iri ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Har ila yau, kada a bar zakara yana bin 'ya'yansa da jikokinsa. Kowace shekara a yi musanya da wani na wata unguwa. A tuna kuwa, kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu, wani lokaci uku, saboda haka ƙwan da ta yi a makon farko bayan musanya yana iya zama na tsohon zakara.

Uwa kuma a zaɓi wadda aka san ta da zaman gurbi da faɗa a kan 'ya'yanta. Irin wannan kaza ko ta tsufa ba a sayar da ita.

Ƙwan kwanci ya fi kyau kada ya wuce kwana 7, in ya yi yawa 10. To ga shi kaza ɗaya sai ta yi mako biyu tana tarawa, yaya za a yi? Dabarar ita ce a riƙa kwashe ƙwai kullum, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir, a bar mata guda ɗaya dafaffe mai alama don kada ta sake gurbi. Waɗanda aka kwashe a ajiye su a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa, cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ana juya su kullum. Waɗanda suka tsufa a ci. Ran da ta kwanta sosai, har ta kwana biyu ba ta tashi ba, sai a zaɓo mata sababbi daga cikin na dukan kajin gidan, 8 zuwa 12 gwargwadon girmanta, a sa mata gaba ɗaya da dare. Kada a wanke ƙwan kwanci, don wanki yana cire abin da ke tsare shi daga ƙwayar cuta. Mai tsaga da mai ƙazanta da ƙanƙani ƙwarai da mai tsawo fiye da kima, duk a ware su na tukunya.

Bayan kwana 7 zuwa 10, a shiga ɗaki mai duhu a haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fes babu komi a cire shi, kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata saura.

GURBIN KWANCI

Mai kwanci tana son wuri nata ita kaɗai, mai duhu-duhu, mai inuwa, nesa da ƙafar yara. In aka bar ta cikin sauran kaji za su riƙa hawa kanta suna ƙara mata ƙwai, a ƙarshe wasu su fashe wasu na da sauran kwana goma, ta tashi ta bar su. Fasasshiyar tukunya ko kwando ko akwati mai faɗin ƙafa ɗaya da 'yan kai ya isa. A zuba ƙasa mai ɗan danshi a ƙasa, a bi ta da toka, sa'an nan busasshiyar ciyawa mai laushi. Danshin nan yana da amfani ƙwarai da hunturu, don bushewar iska takan sa fatar cikin ƙwai ta manne wa ɗan tsako ya kasa fitowa. Tsofaffi sukan sa busasshen ganyen taba ko na darbejiya cikin ciyawar don korar ƙuma. Ƙuma kuwa ita ce ta fi sa kaza gudun ƙwanta.

A ajiye mata ruwa da hatsi kusa, amma ba cikin gurbi ba, don ta riƙa tashi sau ɗaya a yini ta miƙe ƙafa ta yi kashi a waje. A tanadar mata kaskon toka da yashi na birgima. In ƙwai ya fara fashewa kada a dame ta, kada kuma a ɓare wa ɗan tsako ɓawo. Da zarar ta fita da 'ya'yanta a ƙone ciyawar gurbin.

AKURKI DA ƊAKIN KAJI

Akurkin ƙasa na gargajiya yana da kirkinsa. Ba ya cin kuɗi, yana da ɗumi, muzuru kuma ba ya iya fasa shi. Aibinsa uku ne: ba ya shan iska, ba ya sharuwa, tsagoginsa kuma gidan ƙuma ne da kaskar kaji, masu ɓuya da rana su fito da dare su sha jini. Gyaransa ba wuya. A faɗaɗa ƙofa yadda tsintsiya za ta kai ko'ina, a huda 'yan ƙananan tagogi kusa da sama, a yaɓe tsaga duka, a shafe da farar ƙasa. Sau biyu a shekara a fitar da kaji a babbaka ciki da ciyawa.

Mai son gina ɗaki sosai, ɗaki mai ƙafa 6 tsawo da ƙafa 6 faɗi ya ishi kaji goma da zakaransu ko da a tsare suke yini. In kwana kawai za su yi a ciki, zai ɗauki kusan ninkin haka. A gicciya sanduna na hawa, tsayin ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza ta sami wurin zama na kamar inci 9, domin kaza ba ta son kwanan ƙasa, kuma hawa sanda yana raba ta da kashinta. Gurbin ƙwai ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar. Daɓe a shimfiɗa masa ɓuntun shinkafa ko dusar katako kaurin inci 3 zuwa 4, a riƙa motsawa, a kwashe duk inda ya jiƙe.

Wajen fuskantar da ɗaki, a bi hikimar magina na da. A Arewa hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka waɗannan ɓangarori a toshe su, ƙofa da tagogi su dubi kudu ko yamma. Tagogin a rufe su da ragar waya mai ido rabin inci saboda maciji da ɓera, da hunturu a saki buhu ko zana a kansu da dare. Rufin kwano tanderu ne da bazara, sai an shimfiɗa masa ciyawa ko zana a bisa. Rufin ya zarce bango da kamar ƙafa 2 saboda feshi.

A Kudu kuwa, ɗakin katako mai ƙafafu ya fi, a ɗaga shi ƙafa 3 daga ƙasa, a yi daɓensa da siraran katako masu 'yar tazara yadda kashi zai zuba ƙasa. Kowace ƙafa a tsoma ta cikin gwangwani mai baƙin mai saboda kwarkwasa, don rundunarta tana iya gamawa da 'yan tsaki cikin dare ɗaya. A ɗaura mazurarin kwano a kife a jikin ƙafafun don hana gafiya da ɓera hawa. Tun da yake yawancin mutanenmu a can gidan haya suke, a nemi yardar mai gida tukuna, a riƙa share kashi kullum, kada zakaru su yi yawa su hana maƙwabta barci. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kashin kuma taki ne da masu lambu ke nema.

Ko a ina ne, a daina kwana da kaji a ɗakin mutane ko a madafa.

MAKO SHIDAN FARKO

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake faɗuwa. Kada a saki uwa da 'ya'yanta yawo tun ran farko. A kife su da babban kwando ko a sa su a keji a inuwa, ana matsar da shi sabon wuri kullum, har mako huɗu zuwa shida. Bayan haka a riƙa sakinsu in raɓa ta bushe, a mai da su kafin magariba.

Ɗan tsako yana fitowa da guzurin gwaiduwa a cikinsa mai isarsa kwana biyu, saboda haka ruwa ne farkon bukatarsa. A zuba a faranti mara zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada ya nutse. Abinci kuwa tsakin gero ko na masara kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da dafaffen ƙwai a kwanakin farko, da garin ƙuli-ƙuli mara yaji, da garin busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale. Gara kuwa kyauta ce: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a hanyar gara da yamma, da safe a kwashe. Don kada manya su cinye rabon ƙanana, a sa abincin cikin kwando mai ƙofofin da ɗan tsako kaɗai ke iya shiga.

Ga wata dabara ga mai kaji da yawa. A sa kaji biyu kwanci rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, a haɗa 'ya'yan wajen wadda ta fi iya reno, da dare, muddin za ta iya rufe su. Ɗayar a ba ta abinci sosai, cikin 'yan makonni za ta koma ƙwai. Haka kuma in aka raba uwa da 'ya'yanta a mako na shida, ta fi saurin komawa.

ANNOBAR HUNTURU

Annobar nan da ke share kajin gari guda da hunturu, likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasul, sunan wani gari a Ingila. An fara gane ta a duniya a 1926, aka tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950. Alamunta sanannu ne: koren zawo, numfashi da kyar, kaza ta saki fukafukai kamar ta yafa riga, wadda ta daɗe kuma wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani. Kafso da jan barkono da sauran abin da ake jiƙawa a ruwa ba su kashe ta. Rigakafi ne kaɗai.

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai wanda ake kira I-2, da aka samo asalinsa a Ostareliya, wanda ya fi sauran jure zafi, don haka ya dace da ƙauye. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ɗan tsako duka, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, saboda haka Oktoba ne lokacinsa. Da sanyin safiya ake kama fara. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya. A tambayi malamin dabbobi kuma game da rigakafin Gumboro da na ƙuraje.

Duk kazar da aka sayo, ko aka kawo tsaraba daga gida, a ware ta mako biyu kafin ta shiga garke. Kazar da aka karyar wa kuɗi a kasuwa da hunturu abar tuhuma ce. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola ko kwata. Masu karatu za su tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, ta kuma komo a 2015. Ita tana kama mutum. In kaji suka fara zubewa farat ɗaya, kada a yanka, kada a sayar, a sanar da ofishin dabbobi.

KAJIN ZAMANI

Akwai irin da aka inganta a ƙasar nan, kamar Shika Brown ta cibiyar binciken kiwo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta wadda aka yi wa rajista a 2018, da Noiler da ta bazu a gidaje. Sun fi kazar gida ƙwai da saurin girma nesa ba kusa ba, amma sun fi ta ci, kuma ba su cika kwanci ba. Wanda ya saye su kada ya rabu da kajinsa na gida, domin su ne za su kwanta masa a kan ƙwan. Ya kuma sani, 'ya'ya da jikokin da zai samu a gida ba lalle su kai iyayen ba.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira kowa ya yi noma da kiwo a bayan gidansa. Kiran yana nan da amfaninsa, amma kira kaɗai ba ya raya ɗan tsako. Muna roƙon ƙananan hukumomi su riƙa tura malaman dabbobi unguwa-unguwa da rigakafi kowane watan Oktoba, su kuma nemi mata, tun da su ne masu kajin. Sarakunan Hausawa na Kurmi su ma suna iya shirya wa jama'arsu ranar rigakafi guda. Magidanta kuwa, yini ɗaya ya isa gyaran akurki. Matar da ke tsira da 'yan tsaki uku cikin goma, in ta koma tsira da bakwai, ta ninka dukiyarta fiye da sau biyu ba tare da ta ƙara kaza ko ɗaya ba. Allah ya sa wa kiwo albarka, amin.